Ranar da Kwamfutar Baba Ta Farfaɗo

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu. Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa. Na zauna a gado na tashi, na koma kan dadduma na tashi, yanzu ga ni tsaye a bakin taga, ruwan sama yana feso min a hannu, na kasa ko rufe tagar. Amma in ban amayar da abin da ke cikina ba ƙirjina zai tsage, to gara in faɗa muku.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Juwairiyya, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare nan Badarawa. Yayyena duk sun yi aure sun bar gari, mu uku muka rage a gida. Ni, da Baba, Malam Yusha'u, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati a sashen safiyo, sai ƙanwarsa Goggo Hasiya, wadda ta taso daga Zariya ta zo ta riƙe ni ina 'yar shekara huɗu, bayan rasuwar Ummana.

Ta huɗunmu ita ce kwamfutar Baba.

Kar ku kawo siraran nan na yanzu a ranku. Baƙa ce wuluk, mai kauri, in ka ɗauke ta sai ka rantse dutsen niƙa ka ɗauka. Tun shekarar 2005 ya saye ta. Batirinta ya mutu tun ina sakandare, sai an jona ta da wuta take numfashi. Haruffa uku sun goge a jikin kibod ɗin saboda dannawa. A cikinta Baba yake rubuta tarihin zuri'armu, tun daga kakan kakansa da ya baro Soba da jaki ɗaya. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya tafi, magana ta yi masa nauyi, sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Da ya ɗan murmure sai ya koma rubutunsa da yatsa ɗaya na hannun hagu. Likita ya ce mu ƙyale shi, wannan ya fi masa rabin ƙwayoyin da yake sha.

To ita ce ta kwanta ciwo farkon damina. Da ma sai ka kunna ta ka je ka dama kunun gyaɗa ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Sannan ta fara sandarewa a tsakiyar rubutu. Ranar wata Litinin kuma ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, ta taso ta mutu, ta taso ta mutu. Baba ya zauna a gabanta tun hantsi har azahar yana kallo. Da yamma ya sa na juya masa kujerarsa ta fuskanci bango. Tuwon dare loma biyu ya yi ya ture kwanon.

A nan Salim ya shigo maganar.

Salim ɗan Hajiya Kulu ne, aminiyar Goggo. Yana aiki a wani babban ofis a unguwar Doka, wata bakwai ke nan yana zuwa wajena. Tsakani da Allah ban taɓa kama shi da wani abin ƙi ba. Yana salla, yana gaida manya, shaddarsa kullum a goge kamar ba a zama da ita. Kawai dai in yana magana sai in tsinci kaina ina ƙirga fanka sau nawa ta juya. Goggo ce ta kai musu labarin kwamfutar, kwana biyu tsakani sai ga shi da kwali a hannu, cikin farar shadda da hula ruwan toka, turarensa ya riga shi shigowa falo.

"Baba, ga wata nan sabuwa fil. Waccan ai ta ci ta biya kuɗinta, a ba 'yan gwangwan kawai."

Ya buɗe kwalin. Siririya ruwan azurfa, tana ta walƙiya. Goggo ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa. Baba ya dubi kwamfutar, ya dubi Salim, sannan ya dube ni ya daɗe. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Mayar."

"Yaya!" in ji Goggo.

"Na gode. Mayar."

Bayan Salim ya fita da kwalinsa, Goggo ta biyo ni kicin, ɗankwalinta ya zame har ƙeya.

"Ke kika zuga shi."

"Goggo, ni me na ce?"

"Fuskarki ta ce! Yaro ya kawo abin arziki kin tsaya kina kallonsa kamar an aiko miki da sammaci. Wata bakwai, Juwairiyya. Sa'anninki har da masu 'ya'ya biyu. Ba wanda zai miki dole, amma ba za ki mai da ni ƙaramar mutum a wajen Kulu ba. Kafin Maulidi ki ba mutane amsa, e ko a'a."

A raina na ce, in na ce a'a kuma ai kin san gidan nan ba zai zaunu ba. A fili na ce, "To, Goggo."

Washegari na saka kwamfutar a jakar buhu na hau Keke. Shago uku na shiga a Doka. Na farko ya yi dariya har da kiran maƙwabcinsa ya zo ya ga kayan tarihi. Na biyu ya ce zai saka mata sabuwar Windows, da ya duba cikinta ya ce ko ƙofar ba za ta shiga ba. Na uku ya ce zai goge komai ya mayar mata da irin ta da. Na ce rubutun da ke ciki fa? Ya ɗaga kafaɗa. Na fizge kayana.

Sadiya, malamar aji biyu a makarantarmu, ita ta ba ni wata lamba. "Sharhabil sunansa, a Kinkinau yake. In shi ma ya ce ta mutu, to ki haƙa mata rami."

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da gawayi. Na same shi ya sunkuya a kan tebur, sanye da koriyar jallabiya da ya naɗe hannunta zuwa gwiwa, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Dogo, baƙi, da ɗan gemu. Na yi sallama na ciro kwamfutar ina jiran dariya.

Bai yi ba. Hannu biyu ya sa ya karɓa.

"Ikon Allah. Malama, wa ya riƙe wannan haka? Ko ƙura babu a fankarta."

"Babana."

"Me yake yi da ita?"

Na faɗa masa. Ban yi niyya ba, amma har da kujerar da aka juya bango na faɗa, ina goge ido da bakin mayafi. Ya yi kamar bai lura ba, ya miƙo min kujerar roba.

"Kafin komai, rubutun Baba," ya ce.

Ya kwance ƙasanta, ya zaro ma'ajiyarta, ya jona da wata kwamfuta. Minti ashirin ina zaune ina murza bakin mayafina. Sai ya juyo sikirin ɗin wajena. Ga fayil ɗin nan, "Tarihin Gidanmu", shafi ɗari uku da goma sha biyu. Ya kwafe shi a filash biyu, ya ba ni ɗaya.

"Ki ajiye inda kike ajiye sarƙarki. Ɗayan yana wajena. Ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba, amana ce."

Masu karatu, ban san ko a nan ne abin ya fara ba. Na dai san da na fito sai da mai Keke ya tambaye ni sau biyu ina za ni.

Ya yi min bayanin ciwon a hankali. Ya ce injin lafiyarsa lau, babbar manhajar da ke tafiyar da shi ce ta ruɓe. Windows XP ce, an fi shekara goma da daina kula da ita, duk filash ɗin da aka kai shagon buga takardu aka dawo da shi sai ya kwaso mata cuta. In an mayar da ita, wata uku za a dawo gidan jiya. Sababbi kuma sun fi ƙarfinta, don ƙwaƙwalwarta rabin giga ce kacal, wayar da ke hannuna ta ninka ta sau takwas.

"To sai yaya?"

"Akwai wasu marasa nauyi, dangin Linux, kyauta ake samunsu. An yi su ne don irin waɗannan dattawan. Sai dai suna da yawa, sai mun gwada mun ga wadda za ta karɓa."

Daga ranar saƙonni suka fara. Kullum bayan la'asar wayata sai ta yi ƙara.

"Rahoton mara lafiya: ta ƙi tashi daga filash, zamaninta bai san wannan ba. Na zagaye Kasuwar Barci kafin na samu faifai."

Washegari: "Na gwada mata Lubuntu. Sababbinsa ba sa shiga injin zamaninta. An sallame shi."

Na rubuta: "Allah sarki. Saura wa?"

"Puppy. Gudu kamar zomo, amma komai a warwatse yake. Ni kaina sai da na yi laluben inda ake rubutu. Baba da yatsa ɗaya zai gaji."

"Kai ma ka san wahalar yatsa ɗaya?"

"Tun jiya na ɗaure hannun damana a baya, da hagu nake gwada kowacce."

Na ajiye wayar a kan cinyata na rufe fuska da tafin hannu. Goggo tana gefe tana tsince shinkafa a faranti.

"Da wa kike wannan murmushin?"

"Mai gyara ne."

"Mai gyara." Ta watsar da tsakuwa ɗaya. "Gyaran ne ya kai mako biyu? Kulu ta kira ni ɗazu."

Na tashi na shige ɗaki. Na fito. Na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan da na share da safe. Haka na zama a makonnin nan, ba na iya zama wuri ɗaya. A aji sai in rubuta kwanan wata sau biyu a allo, yara suna dariya. Salim ya turo min hoton wani gida da ya ce ya kama a Unguwar Dosa, da tambayar wane launin labule nake so. Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge, ƙarshe na tura masa "Allah ya sanya alheri". Minti ɗaya bayan nan saƙon Sharhabil ya shigo na amsa kafin ya gama sauka. Na san ban kyauta ba. Ku faɗa, na ji.

Shi kuwa Baba yana ta ramewa. Duk yamma in na dawo makaranta sai ya dubi hannuna, in ya ga ba jakar buhu sai ya mai da kai bango.

A mako na huɗu na koma Kinkinau. Ranar na saka atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, da farin mayafi, sai da na sauya ɗaurin ɗankwali sau uku. Na ce wa kaina don zan biya gidan Sadiya ne. Ban biya ba.

Ya jera kwamfuta biyu a tebur, ta Baba da wata tsohuwa sa'arta ta shagon.

"Saura biyu. Wannan antiX ce, ita ta fi kowacce rashin nauyi, a kan injin Baba kamar iska. Wannan kuma Q4OS, ta ɗan fi nauyi kaɗan, amma dubi fuskarta."

Na duba. Maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, jerin abubuwa yana tasowa sama, kusan irin wanda Baba ya saba da shi shekara ashirin.

"Wacce ka zaɓa?"

"Ni da son raina ne, ta farko. Amma ba ni zan zauna da ita ba, ba ke ba ce kuma. Mai yatsa ɗaya shi zai zaɓa. In an ba ni izini in kawo masa su gida."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin jallabiya, ya ƙi kallona.

"Malama Juwairiyya, akwai abin da ya kamata in faɗa, don kar in ci amanar sana'a. Aikin nan da na so, da tun mako na biyu na kai nan."

"To me ya hana?"

"In na gama, da wane dalili zan riƙa turo rahoto?"

Mai ɗinki ya taka kekensa a maƙwabta, ƙarar ta cika shagon. Na ce, "Babana yana can ba ya cin abinci, kai kana nan kana jan aiki?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi na yi kuskure. Ki yafe min. Asabar zan zo."

Na miƙe na gyara mayafi. Sai da na kai bakin ƙofa na ce, ba tare da na juyo ba, "Rahoton kuma ba sai da mara lafiya ake turo shi ba."

Kwana huɗun da suka biyo baya ba zan iya faɗa muku me muka tattauna ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ya dai ce in Baba ya samu lafiyar kwamfutarsa, zai nemi izinin turo manyansa. Na ce ya bari tukuna in san yadda zan yi da Goggo. Na rubuta wa Salim doguwar wasiƙar ban haƙuri, na ajiye ta a waya ban tura ba.

Yau Asabar. Tun safe na wanke falo, na sauya rigunan kujeru, na kunna turaren wuta, na haɗa zoɓo da abarba da citta. Goggo tana bi na da ido.

"Duk wannan na mai gyara ne?"

"Baƙo ai baƙo ne, Goggo."

"Uhm."

Ya iso bayan azahar cikin yadi ruwan ƙasa da hula baƙa, ya sauya wa tabaran ƙafa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya gaida Goggo, ta amsa a taƙaice tana duban takalmansa da ke bakin ƙofa. Na juyo da kujerar Baba. Da ya ga baƙar kwamfutarsa a kan tebur sai ya miƙa hannun hagu ya shafa murfinta.

"Baba, guda biyu na kawo muku. Ku gwada, wadda ta kwanta muku ita za a saka."

Ya fara da antiX. Ta buɗe da sauri har Baba ya ɗan ja baya. Ya kai yatsa, ya zagaya, ya danna wani abu, wani jeri ya fito inda bai zata ba. Ya ɓata fuska. Ya sake gwadawa, ya dube ni. Sharhabil ya turo masa ɗayar. Baba ya kai kibiya ƙasa ta hagu, ya danna, jerin ya taso. Ya danna wurin rubutu, farin shafi ya buɗe.

"Wannan," ya ce.

"To Baba, ga wani abu kuma." Ya nuna masa wani madanni. "Ku danna nan."

Baba ya danna. Harafin ƙ ya fito, da ƙugiyarsa. Ya sake danna wani, ɗ. Wani, ɓ. Shekara ashirin yana rubuta ƙasa tana fita kasa, yana bin takarda da biro yana saka ƙugiya bayan an buga. Sai muka ji wani sauti daga maƙogwaronsa, na zabura na zata sarƙewa ya yi. Dariya ce. Rabona da jin dariyar Baba tun kafin ya kwanta. Goggo ta juya baya tana goge ido da bakin zane, wai hayaƙin turare ne.

Aka fara saka ta a kwamfutar Baba. Wani shuɗin layi yana tafiya a hankali, mu huɗu mun zuba masa ido. Hadari ya haɗo ta gabas. Layin ya wuce rabi kaɗan, iska ta buga ƙofa, fanka ta yi ƙara ta fara rage gudu.

An ɗauke wuta. Sikirin ya yi baƙi ƙirin.

Baba ya yi wani irin nishi, ya damƙe hannun kujera. Sharhabil ya matso da sauri ya durƙusa a gabansa.

"Baba, rubutunku ba ya ciki. Yana wajen Malama, yana wajena. Ko harafi ɗaya bai taɓu ba. Daga farko kawai za mu sake."

Na ruga ɗaki na ciro filash ɗin daga cikin akwatin sarƙata na saka masa a tafin hannu. Ya rufe yatsunsa a kai. Amma wuta fa? A layinmu in aka ɗauke da hadari sai gobe.

"Ke!" Goggo ta daka min tsawa. "Kina tsaye kina kallon yayana haka? Je ki tayar da janareta."

Man da ke ciki nata ne, na firizar ƙanƙarar da take sayarwa, ko fanka ba ta yarda a kunna da shi. Ban tsaya ta sake tunani ba. Sharhabil ya biyo ni bayan gida, ruwa ya fara sauka, na ja igiyar sau huɗu ta ƙi, ya karɓa ya ja sau ɗaya ta tashi. Muka dawo a jiƙe, mayafina ya manne a kafaɗa, ina dariya ban san dalili ba.

Ana kiran la'asar aka gama. Ya kashe ta, ya ce Baba ya kunna da kansa. Goggo ta ɗauki jug za ta zuba zoɓo, kafin ta cika kofi na uku kwamfutar ta gama buɗewa. Ya mayar da fayil ɗin, ya ƙara girman haruffa. Shafi ɗari uku da goma sha biyu, cif. Na miƙa wa Sharhabil kofi, idona yana kansa har zoɓon ya ɗiga a tire. Da na ɗago na ga Baba ni yake kallo.

Sannan ya juya ga baƙon.

"Ɗan... wa?"

"Ɗan Malam Zakariyya ne ni, Baba, mai karantar da Alƙur'ani a Kinkinau. Allah ya yi masa rasuwa shekara shida ke nan."

Baba ya sunkuyo kusa da shi. "Da... Badarawa?"

"Ikon Allah, kun san shi? An ce a nan aka haife ni. Muka tashi ina ɗan shekara biyu."

Baba ya kama hannunsa ya riƙe. Ya daɗe yana duban fuskarsa, hawaye yana bin ɓarin da ya shanye. Duk muka ɗauka godiya ce. Har Goggo ta sassauto, ta sa na zuba wa Sharhabil dambun nama a leda. A zaure ya ce min ƙasa-ƙasa, "Kin ga Baba ya karɓe ni. Yau zan faɗa wa Inna." Na ce ya yi a hankali, ina murmushi kamar wawuya.

Bayan magariba ina ninke dadduma na ji muryar Baba.

"Uwata."

Haka yake kira na, sunan mahaifiyarsa na ci. Na same shi a gaban kwamfutar, ya sauko da rubutun can ƙasa da yatsansa. Ya nuna min kujera, ya nuna sikirin. Shafi na ɗari biyu da tamanin da bakwai. Na karanta a tsaye.

"An haifi Juwairiyya ranar Talata cikin watan Maris na 2000. Kwana shida da haihuwa zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarta Sa'adatu, aka riƙe ta a asibiti wata biyu. Jaririya ta ƙi madarar gwangwani har muka fid da rai. Maƙwabciyarmu Atika, matar Malam Zakariyya, tana goyon ɗanta namiji. Ita ta ɗauke ta, ta haɗa su biyu ta shayar har Sa'adatu ta dawo. Daga baya suka tashi zuwa Kinkinau, zumunci ya yanke, kuma laifina ne. Duk wanda ya karanta wannan ya sani, 'ya'yan Atika 'yan'uwan Juwairiyya ne na shan nono."

Na karanta sau biyu. Na uku haruffan suka narke. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

"Baba, Zakariyya ai suna da yawa. Kinkinau babbar unguwa ce. Wataƙila wani ne. Baba, ko?"

Ya buɗe sabon shafi, ya fara dannawa da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ina jin ƙarar kowanne. Ya daɗe. Sannan ya janye hannunsa.

"Na ga yadda kike kallonsa. Da na faɗa miki tun kina ƙarama. Ki yafe min."

Na fito ban san ta ina na bi ba. Goggo tana kicin tana kwashe tuwo, ta ɗaga murya tana cewa, "Yaron nan dai yana da ladabi, ba laifi. Amma maganar Kulu tana nan, kin ji ko?" Na shige ɗaki na tura ƙofa. Wayata tana kan gado tana haske, saƙo ya shigo. Sharhabil. Na tsaya ina kallonta kamar maciji, sannan na ɗauka.

"Albishirinki! Na ba Inna labarinki."

Wani saƙon ya shigo.

"Da na faɗi sunan Baba sai ta saki carbi ta fashe da kuka. Ta ƙi faɗa min komai, wai sai ta gani da idonta."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Na riƙe ƙarfen taga.

"Ta ce gobe da hantsi in kawo ta ta ga 'yarta. Kin ji fa, 'yarta! Tun ba a je ko'ina ba ta karɓe ki. Me zan ce mata, mu zo?"

Minti arba'in ke nan saƙon yana buɗe a hannuna. Ya ga na karanta. Ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Daga falo ina jiyo ƙarar yatsan Baba a kan kibod, ɗaya bayan ɗaya, ga wayar ta sake ɗaukar ƙara a karo na uku.